Neman hayar gida mai sauƙin kuɗi a Abuja ga mai kyanwa, kare ko tsuntsu: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu neman haya a Abuja da kewayenta waɗanda ke da wata dabba a hannu: ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kano ko Sakkwato, amaryar da ta ƙi rabuwa da kyanwarta, magidancin da ya saba kwana da karen gadi a ƙofa.

1. Akwai gidajen da ake tallatawa musamman don masu dabbobi?

Da wuya. In ka duba shafuka irin su PropertyPro, Nigeria Property Centre ko Jiji, ko tallan dillalai a WhatsApp da Facebook, abin da za ka gani shi ne yawan ɗakuna, ruwa, mita, da ko mai gida na zaune a ciki. Maganar dabba sai jefi-jefi, kuma galibi a gidajen Maitama, Asokoro da Wuse II da aka tanada don ma'aikatan ofisoshin jakadanci da manyan kamfanoni. Mai neman araha ba can zai dosa ba.

Tunda talla ta yi shiru, izinin sai ka nema da bakinka, kuma daga wuri uku: mai gida, kwamitin rukunin gidaje in akwai, sai mutanen da za ku haɗa tsakar gida. Ko ɗaya daga cikinsu ya ƙi, zaman ba zai yi daɗi ba.

2. Wane irin gida ya kamata in nema?

Wannan ya fi sunan unguwa muhimmanci. Gidan yawa, mai ɗakuna a jere suna kallon juna da banɗaki da wurin wanke-wanke na kowa da kowa, shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi wuya ga mai dabba. Kyanwa ta lasa tukunyar wata sau ɗaya, an samu abin faɗa har ƙarshen shekara. Kare kam ba a ma maganarsa.

Mai kyanwa ko tsuntsu a keji zai iya zama a selkon ko ciki da falo, muddin yana da ƙofarsa da banɗakinsa. Mai kare kuwa ya nemi ɗaya daga cikin uku: ƙaramin gida mai katangarsa shi kaɗai, ko fulat na ƙasa mai ɗan fili a baya, ko boskwata (ƙananan ɗakunan da ke bayan babban gida) a gidan da dama can mai shi yana da kare. Na ukun nan ya fi sauƙin samu fiye da yadda ake zato, sai dai ka tambaya ko karen nasu zai karɓi baƙo, don maza biyu a gida guda ba kasafai suke jituwa ba. Bene na biyu ko na uku wahala ce ga kare: duk fitsari sai an sauko, kuma duk saukowa sai an haɗu da wani a matakala.

Gidan da mai shi ke zaune a ciki yana da fuska biyu. In yana son dabba ka huta, ba mai ɗaga maka murya. In yardar ganin ido ya yi don kuɗin haya, kullum da ƙorafi za ka karya kumallo.

3. Wace unguwa ce ta fi araha?

Duk yadda ka ƙara nisa da tsakiyar birni, haya na sauka, fili na ƙaruwa. Ta hanyar Kubwa akwai Kubwa ɗin kanta, Dutse Alhaji, Bwari, Dei-Dei da Zuba, har Madalla da Suleja a jihar Neja. Ta hanyar filin jirgin sama akwai Lugbe, Kuje da Gwagwalada. Ta gabas akwai Nyanya, Karu, Jikwoyi, Kurudu, Orozo da Karshi, sai Mararaba, Ado da Masaka waɗanda ke cikin jihar Nasarawa. Gwarinpa, Life Camp, Jabi da Apo sun fi kusa, sun kuma fi tsada sosai. Ga mai kare, Kuje, Bwari, Karshi da bayan Gwagwalada sun fi yiwuwar samun gida mai katanga a kuɗin da bai kai na fulat a Gwarinpa ba.

Amma araha ba ta ado. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Wanda ke aiki a sakatariyar tarayya ya kama gida a Masaka, cunkoson Mararaba da Nyanya zai fitar da shi bayan sallar asuba, ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Kyanwa za ta iya jure wannan in an bar mata ruwa da abinci. Kare da aka kulle sa'a 14 ba kowa zai wuni yana haushi da kuka, kuma wannan kukan na jawo wa masu kare notis na tashi daga gida. In ba wanda zai wuni a gida, ka rage nisa ko da za ka rage girman ɗaki.

Wasu sassan Lokogoma da Lugbe na fama da ambaliya da damina. A Mpape kuma akwai masu fasa dutse, ƙarar nakiyarsu na firgita dabba mai tsoro.

4. Nawa zan tanada bayan kuɗin hayar kansa?

Haya a Abuja ta shekara ce, a biya gaba ɗaya, wasu ma shekara biyu suke nema daga sabon shiga. A kan wannan akwai la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100, da kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, kashi 5 zuwa 10, da kuɗin ajiya na ɓarna wanda ake cewa za a mayar maka ranar tashi. A ce hayar N1,000,000 ce: la'ada N100,000, lauya N100,000, ajiya N100,000, ka ga N1,300,000 ke nan tun ba ka ɗauko motar kwashe kaya ba. In rukunin gidaje ne, ga kuɗin hidima na masu gadi, shara da burtsatse.

Mai dabba ya ƙara da nasa: raga mai ƙarfi a tagogi, keji ko ɗan ɗakin kare, alluran shekara, da yiwuwar mai gida ya ƙara kuɗin ajiya. Ƙarin ajiya ya fi ƙarin haya, don ajiya tana iya dawowa, haya kuwa in ta hau ba ta sauka, kuma a kanta za a yi maka ƙari baɗi. Duba tambaya ta 14 kan yadda ake karɓo ta.

5. In faɗa wa mai gida, ko in yi shiru sai na tare?

Faɗa masa, kuma kafin ka biya ko sisi. Dillali zai ce maka, "Shiga kawai, Oga ba ya gari, ba zai sani ba." Dillali la'adarsa yake nema, daga ranar da ya karɓa ba ka sake ganinsa. Maigadi, yaran maƙwabta da mai kawo ruwa duk za su san da dabbar cikin mako guda. In yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta hana dabbobi, ka ba mai gida hujja a kanka, alhali kuɗinka na shekara na aljihunsa.

6. To yaya zan shawo kansa?

Ka nemi ganinsa ido da ido, ko aƙalla ku yi waya kai tsaye. Saƙon da ya bi ta bakin dillali ba ya isa yadda ka faɗe shi. Mai gida abu huɗu yake tsoro: wari, ɓarnar ƙofofi da raga, ƙorafin sauran 'yan haya, da cizo. Ka amsa su tun bai tambaya ba. Misali: "Alhaji, ranka ya daɗe, ina da kyanwa guda ɗaya. An yi mata aikin hana haihuwa, ga katin allurarta, a ɗaki take kwana. Duk abin da ta ɓata ni zan gyara, a rubuta haka a takarda." In Hajiya ce ko Madam, haka nan, da ladabin da ya dace da ita.

Ka nuna hoton dabbar, ka faɗi adadi na gaskiya. Lambar wayar tsohon mai gidanka da zai shaide ka ta fi dogon bayani tasiri. A gidan da ke bayan gari inda ɓarayi ke tsallaka katanga, kare mai horo riba ce ga kowa, kuma masu gida da yawa sun san haka. Inda ɓera ya addabi mutane, kyanwa ma tana da nata farin jinin.

In ya ce a'a sau biyu, bar shi. Yardar da aka samu da naci ba ta kai wata uku.

7. Me ya kamata a rubuta a yarjejeniya?

Yawancin takardun haya kwafi ne da lauya ke sauya wa suna da adireshi, kuma a cikinsu sau da yawa akwai layin da ya hana ajiye dabbobi ba tare da rubutaccen izinin mai gida ba, da wani da ya hana duk abin da zai dami maƙwabta. Karanta ka nemo su. "Na yarda" ta fatar baki ba ta soke abin da ke rubuce, musamman in mai gidan ya rasu magada suka karɓa, ko ya sayar da gidan.

A rubuta irin dabbar da adadinta, inda za ta zauna, cewa gyaran ɓarnarta a kanka yake, da nawa aka ajiye da ranar mayarwa. In za ka kafa keji ko ka ƙara raga, a ambata, a kuma faɗi ko za ka cire in za ka tashi. Ku duka ku sa hannu da shaida, kowa ya riƙe kwafi. In lauya ya ƙi taɓa takardar, ko wasiƙa mai layi uku da sa hannun mai gida ta wadatar.

8. Mai gida ya yarda. Maƙwabta da kwamitin rukunin gidaje fa?

Rukunin gidaje masu ƙofar shiga da masu gadi suna da nasu dokoki, kuma yardar mai gida ba ta rinjaye su. Wasu na barin kare muddin yana cikin katanga kuma ba ya fita sai da igiya, wasu sun hana manyan karnuka, wasu sun hana kaji da awaki. Nemi takardar dokokin wajen shugaban mazauna kafin ka biya.

Abuja gari ne na kowa da kowa, don haka abin da ba komai ba ne a wurinka yana iya zama babba a wurin na kusa da kai. Bahaushe ya saba da kyanwa na shawagi a tsakar gida, amma akwai maƙwabtan da ke danganta ta da maita, musamman baƙa, har su jefe ta ko su sa mata guba. Wanda kuma ya tashi da kare a falo ba lallai ya gane dalilin da maƙwabcinsa mai alwala ke tsallen gudun a taɓa masa tufafi ba. Ka zagaya ka gaisa da mutane kafin ka tare, ka faɗa musu abin da kake da shi. Kashin dabba a kwashe nan take. Hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, tana karɓar ƙorafin ƙazanta da hayaniya, kuma maƙwabcin da ya gaji ya san hanyar ofishinta.

9. Me ya sa kare ya fi wahalar samun gida a wurin musulmi?

Saboda hadisai ingantattu da suka ce ladan mai ajiye kare na raguwa kullum sai in na farauta ne, ko na kiwo, ko na gona, da wanda ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da garke in akwai buƙata ta gaske. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yawancin mutanenmu, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Saboda haka mai gida musulmi ya fi saurin yarda da karen gadi mai ɗakinsa a waje fiye da na kan kujerar falo. In kana da shakka a kan naka halin, tambayi malaminka.

Kyanwa ba ta da wannan matsala. Hadisin Abu Ƙatada ya tabbatar ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a gida. Sai dai masu kulle ta su yi tafiyar sallah su tuna da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

10. Waɗanne allurai da takardu zan mallaka?

Na farko rigakafin ciwon haukan kare, ga kare da kyanwa duka: daga wata uku da haihuwa, sannan a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos na sarrafa wannan allura, akwai kuma ta waje a asibitocin kuɗi. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar ta duniya, kuma a kusa da ita hukumomi da ƙungiyar likitocin dabbobi kan yi allurar kyauta. Jami'ar Abuja na da asibitin koyarwa na dabbobi a Gwagwalada. Ɗan kwikwiyo na da wasu alluran da ake farawa tun yana mako shida zuwa takwas, ban da maganin tsutsar ciki, kaska da ƙuma. Ka tabbata likita ya sa hannu da kwanan wata a kati, don shi za ka nuna a tambaya ta 6 da ta 13.

Ga mai haya, aikin hana haihuwa kusan dole ne. Kyanwa kan fara ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kuma wata biyu ne da 'yan kwanaki. Izinin guda ɗaya aka ba ka, kafin shekara ta zagayo kana da takwas. Muzuru da ba a fiɗiye ba yana fesa fitsari a bango, warin kuma fenti kaɗai ba ya kashe shi.

11. Tantabaru, aku, zomo, kaji, ko ragon layya fa?

Zomo da ƙananan tsuntsayen keji ba kasafai ake hana su ba. Tantabaru kuwa kashinsu na sauka a rufi da shanyar mutane, suna kuma shiga silin, don haka sai gida mai katangarsa. Zakara ɗaya ya isa ya haɗa ka faɗa da bene guda. Aku mai launin toka da jan wutsiya yana cikin tsuntsayen da yarjejeniyar duniya ta CITES ta hana cinikinsu tsakanin ƙasashe in daga daji aka kamo su, tun farkon 2017, saboda haka kada ka yi tunanin tsallaka iyaka da shi ba takarda. Ragon layya na kwana uku ko mako guda yawanci ana ɗauke kai, amma ka sanar, ka share wurin, kada kuma ya zama kiwon turka na wata huɗu.

12. Me zan duba ranar ganin gida, kuma yaya zan kauce wa 'yan damfara?

Duba katanga ko akwai rami ko wurin tsallake, da tazarar ƙasan get. Duba ragar tagogi, da ko akwai inuwa a fili, don zafin Fabrairu zuwa Afrilu a Abuja na iya kashe kare mai yawan gashi da aka ɗaure a rana kan siminti. Tambayi maigadi ko ana zuba maganin ɓera a tsakar gida da yadda ake feshin ƙwari, saboda guba na kashe kyanwoyin gidan haya. Ruwa ma abin tambaya ne: in na 'yan garuwa ne, wankin ɗakin kare kullum kuɗi ne. Ka koma da dare ka ji yanayin unguwar.

Kada ka tura kuɗi don a riƙe maka gidan da ba ka shiga cikinsa ba. Mai dabba ya fi saurin faɗawa tarko, don ya sha jin a'a, da ya ji wanda ya ce "kawo ko zaki ne" sai ya yi gaggawa. Ka ga mai gida ko lauyansa, ka tambayi 'yan hayar da ke ciki wa suke biya, ka biya ta banki da sunan da ke kan yarjejeniya, ka karɓi rasit. A unguwannin da aka gina ba izini, duba ko akwai jan fenti na rusau a bango.

13. Mai gida ya sauya ra'ayi, ko karena ya ciji wani. Za a iya fitar da ni nan take?

A'a. Dokar da ke aiki a Babban Birnin Tarayya ta ba ɗan hayar shekara-shekara notis na wata shida, na wata-wata kuma wata guda, sai in yarjejeniya ta faɗi wani wa'adi daban. Bayan nan akwai notis na kwana bakwai, sannan kotu. In yarjejeniyarka ta ƙayyadadden lokaci ce kuma ya cika, na kwana bakwai ɗin kaɗai ya rage, shi ya sa mai gida da ya gaji da kai yakan jira shekara ta ƙare ya ƙi sabuntawa. Cire rufi, yanke wuta, sauya kwaɗo ko watso kaya waje duk saɓa doka ne. Mazauna Mararaba da Suleja su lura dokar Nasarawa da ta Neja ce ke kansu. Nan ne takardar tambaya ta 7 ke amfani.

In cizo ne, lafiyar mutum ce gaba. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, ko da ƙarzane ne, don ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana kusan ba a tsira. Ka biya kuɗin magani ba gardama, ka nuna katin allura, a tsare karen kwana 10 likita na duba shi. Kada a kashe shi a jefar, don lura da shi ce za ta nuna ko yana ɗauke da cutar. Sakaci da dabba mai cutarwa na iya kai mai ita gaban alƙali.

Ga mai nema a wajen Abuja: a Kano da Kaduna tsarin nema da lallashi ɗaya ne da na Abuja, haya ta fi sauƙi, kuma kare ya fi karɓuwa a Sabon Gari, Barnawa da unguwannin GRA fiye da cikin tsohon gari. A Legas dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, ban da Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island.

14. Yaya zan tare da dabbar, kuma yaya zan karɓo kuɗin ajiyata ranar tashi?

Ɗauki kyanwa a kwando mai murfi ko kwali mai huda, ba a buhu ko but ɗin mota ba, kuma da sassafe ko da yamma. In an yi feshi a sabon gidan, a bar shi a buɗe ya sha iska kwana biyu ko uku tukuna. Kulle ta a ɗaki mako biyu zuwa uku kafin ta fara leƙa waje, in ba haka ba za ta kama hanyar tsohon gida. Kada ka ba ta farasitamol don ka ga ta yi laushi, kashe kyanwa yake yi, haka ma wasu magungunan kaska na kare.

Ranar da ka karɓi makulli, ɗauki bidiyon kowane ɗaki, ƙofofi, raga da tayil, ka tura wa mai gida ko mai kula da gidan ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna. In ba haka ba, duk tsohuwar ɓarna a kan dabbarka za a ɗora. Wata guda kafin tashi ka kira kafinta ya sauya ragar da ta yage, a shafe karce, a wanke inda fitsari ya taɓa, don gyaran da ka yi da kanka ya fi arha a kan wanda za a yanka daga ajiyarka. Ku zagaya gidan tare ranar miƙa makulli, a rubuta abin da za a cire da abin da ya rage, da ranar da za a turo maka.